Takardar Jinyarta a Cikin Roba

Shekara ashirin da 'yan kai na yi a ɗakin ajiye fayil na wata ma'aikata a Abuja, ban taɓa ɓatar da takardar kowa ba. Ba don yabon kai na faɗa ba, sai don a san wane irin mutum ne ya yi abin da zan ba da labari. A ɗakin nan na ga takardar ɗaukar aiki da ɓera ya cinye daidai wurin kwanan wata, mai ita ya tsufa yana zarya a kan fanshonsa. Na ga wadda manja ya zube wa, na ga wadda gara ta mayar gari. Shi ya sa a gidana duk takarda mai muhimmanci sai na kai an yi mata laminetin, wato a sa ta tsakanin roba biyu a bi da ita cikin inji mai zafi, ta fito tana ƙyalli, ruwa ba ya shigarta, ƙwaro ba ya cinta. Takardun haihuwar yara, shaidar aurenmu, har sakamakon jarrabawar firamare na autarmu. Matata takan ce da injin nan yana ɗaukar mutum, da ita ma tuni na rufe ta na ajiye a akwati.

A Jiwa muke zaune a lokacin, a ɗaki biyu na haya. Zamani ne da Abuja take ta tsiro kamar an zuba mata taki, ka wuce fili yau, ka dawo bayan wata biyu ka tarar da bene, kowa da waya a kunne. Ni dai abin da ya iso ni daga wannan arzikin shi ne katin inshorar lafiya da aka raba mana a ofis, mai hotona da nata da na yara.

Wata safiya matata tana wanke shinkafa sai na ji ƙarar kwano a ƙasa. Na fito na same ta jingine da bango, bakinta ya karkace, tana kallon hannunta na dama kamar na wani ne. A babban asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki. Muka yi sati biyu a kwance. Magana ta dawo, ƙafa ma ta dawo da ɗan ja, amma hannun ya ƙi.

Wanda bai san ta ba zai ce ai da sauƙi, tunda akwai hagu. Matata ta tashi a gidan da ake dukan yaro idan ya miƙa wa babba abu da hagu. Ta ƙi cin abinci a gaban kowa. Sai yara sun tafi makaranta, ni ma na fita, sannan ta juya wa ƙofa baya ta yi loma uku. Idan mata suka zo dubiya suka miƙo hannu, sai ta sunkuyar da kai cikin mayafi. Ba ta taɓa kuka a kan ƙafa ba. Hannun nan take so, ni ma shi nake so mata.

Likitan da ya duba ta ya rubuta mana takarda zuwa wani ƙaramin asibitin gashi a Gwarinpa, inda ake zuwa a motsa wa mutum gaɓoɓi ya koma gida. Mai gashin wata mata ce 'yar Filato, gajera, mai ƙarfin hannu, ba ta da yawan dariya amma ba ta da wulaƙanci. Ranar farko ta fi awa ɗaya tana lanƙwasa yatsun matata, tana auna inda kafaɗa ta tsaya, tana rubutu. Ta gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa watannin farko su ne na kamun hannu irin wannan, in aka yi sake ya sandare, dawo da shi sai ikon Allah. Sannan ta cike wata takarda guda ɗaya, gaba da baya, mai lambar kamfanin inshora a samanta. Tsarin jinya ke nan: sau uku a sati, abin da za a riƙa yi, da abin da ake fata a cimma. A wurin abin da ake fata ta rubuta da Turanci cewa nan da wata uku maras lafiya za ta riƙe kofi da cokali da hannun dama. Na fassara wa matata, domin ba ta karanta Turanci. Ta sa na maimaita mata.

A ƙasan takardar akwai fili da ba a cike ba. Mai gashin ta ɗora yatsa a wurin ta dube ni.

"Oga, ka ji ni da kyau. Wannan takarda, shi ne izini na taɓa madam. Likita da ya turo ku zai sa hannu a nan, ya buga hatimi, kafin kwana talatin. In ya wuce, ko ni ba zan iya yi komai ba."

Na yi murmushi irin na wanda ake koya wa sana'arsa. Na ce mata takarda ai aikina ce, ta kwantar da hankalinta.

Aka fara gashi. Litinin, Laraba, Juma'a, ƙanwarta ce ke raka ta a keke napep. A sati na biyu babban yatsa ya motsa. Na dawo daga aiki na tarar an ɗora hannun a kan matashi ana jirana kamar baƙo, yara sun kewaye ta. Ta ciji leɓe, ta yi gumi, yatsan ya ɗan ɗaga ya koma. Ranar ta ci tuwo a gabana, da hagu dai, amma ta ci, tana cewa kwana nawa ne ya rage.

Likitan kuwa Talata kawai yake ganin masu zuwa daga gida. Talatar farko ogana ya hana ni fita, wai manyan baƙi za su zo duba ofis, baƙin da ba su zo ba sai Alhamis. Talata ta biyu na isa asibiti ƙarfe tara, aka ce katin ganin likita ya ƙare tun bakwai. A hanyar komawa ruwa ya tsuge. Damina ce, irin ruwan Abuja da ba ya sallama. Na fake a bakin wani shago a Gwarinpa, na buɗe jaka, na ga gefen takardar ya jiƙe, tawada ta fara yaɗuwa kusa da lambar inshora. Na ɗaga kai, sai ga allo a shagon da ke kallona an rubuta ana fotokwafi, ana laminetin.

Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Ƙafata ce ta kai ni, kamar yadda ta saba. Matar shagon ta karɓa, ta bi da ita cikin inji, ta miƙo min da ɗuminta. Na fito ina jin na yi abin kirki, har ina yi wa ruwan kallon in ka isa ka taɓa ta.

Talata ta uku na yi sallar asuba na kama hanya, na samu kati na huɗu. Likitan dattijo ne mai saurin magana. Ya tambayi jikinta, ya ji daɗin labarin yatsa, ya karɓi takardar ya karanta gaba da baya, ya ce tsarin ya yi. Ya zaro biro ya ɗora a filin da aka bar masa. Biro ya zame. Ya sake dannawa, ya zame. Ya juya takardar, ya dube ni ta saman tabarau, ya tambaye ni wa ya yi wannan aiki. A daidai lokacin nan ne, ba kafin nan ba, kaina ya waye. Ni da na shekara ashirin ina karɓar takardu ina duba sa hannu, na rufe takardar da ba a sa wa hannu ba.

Bai yi min faɗa ba, dariya ya yi, ita ce ta fi ciwo. Ya aika aka kawo masa maka, irin alƙalamin da ake rubutu da shi a kan kwali, ya sa hannu a kan robar, ya buga hatimi. Hatimin ya zauna a jiƙe yana sheƙi. Na fito ina hura masa iska da baki har bakin titi.

Washegari na raka matata Gwarinpa da kaina. A teburin shiga akwai matar da ke karɓar takardu tana aika wa kamfanin inshora. Ta karɓa, ta juya, ta ce ba a karɓar mai laminetin. Na ce ga sa hannun likita, ga hatimi, me kuma ake nema. Ta ce abin da ke cikin roba ba a iya sanin ko an taɓa shi kafin a rufe, abin da ke kan roba kuma kowa yana iya gogewa ya sake. Don ta nuna min, ta sa babban yatsanta ta ɗan murza gefen hatimin. Rabinsa ya bi yatsan.

Na ɗaga murya, ba zan ɓoye ba. Na ce mata rashin imani ne, na ce ran mutum ya fi takarda. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Sorry, oga. Ba ni na kafa doka ba."

Wallahi kalmomina ne. Haka nake faɗa wa tsofaffin ma'aikata idan suka zo da kwafi maimakon ta asali, har da ɗaga kafaɗar. Ashe wanzami ba ya son jarfa. Na koma na zauna kusa da matata a benci.

Saura kwana bakwai. Ranar Asabar da hantsi na ce zan ciro takardar daga robar. Wani abokin aikina ya ce in aka ɗora dutsen guga roba takan saki. Na shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, na yanke gefe da reza, na ɗora ƙyalle na bi da guga. Matata ta matso ta danne min ɗaya gefen da hannun hagu. Na ja a hankali, na rantse a hankali na ja. Takardar ta rabu biyu ta tsakiyar kaurinta, rubutun gaba ya bi roba ɗaya, na baya ya bi ɗaya, lambar inshora ta yage ta bar rabi a hannuna. Garin neman gira na rasa ido. Muka zauna muna kallon abin, guga yana ta huci a gefe, har sai da ta ce min in cire shi kar ya ƙona tabarma.

Daga nan na shiga zagayen da har yau ba na son tunawa da shi. Mai gashin tana da kwafin abin da ta rubuta, amma kamfanin inshora ba ya karɓar kwafi, sai takarda mai sabuwar lamba. Sabuwar lamba ba ta fita sai da sabuwar wasiƙar likita. Talata ta huɗu na je neman wasiƙa, aka ce dattijon ya tafi hutun shekara, wata guda. Wanda ya zauna a kujerarsa ya ce shi ba zai rubuta wasiƙa a kan maras lafiyar da bai gani ba, kuma gaskiyarsa ce. Na ce zan kawo ta. Aka ba mu rana bayan sati biyu. Ranar ta zo, na ɗauko ta tun daga Jiwa, muka yi zaman awa biyar, sai aka ce ba a ga fayil ɗinta ba, wataƙila yana kulle a ofishin wanda ya tafi hutu. Na roƙi ma'aikacin ɗakin fayil ɗin asibitin ya bar ni in shiga in duba da kaina, na ce masa sana'armu ɗaya. Ya ce to ai na san doka ke nan.

A tsakanin nan kwana talatin suka cika. Laraba ce. Ƙanwar matata ta kai ta kamar kullum, aka dawo da su daga bakin tebur. Na bar ofis ba izini na tafi Gwarinpa. Na ce a bar inshora, zan biya daga aljihuna, ko da zan sayar da abin da na mallaka. Aka ce ba maganar biya ba ce, ba a taɓa maras lafiya irin wannan sai da tsarin da likita ya sa wa hannu, domin in wani abu ya same ta a kan gadon gashi, mai gashin ce za ta rasa lasisinta. Na durƙusa. Ni, da furfurata, a gaban mutane, na sa gwiwa biyu a ƙasa a gaban teburin nan. Matar ta tashi ta bar wurin don kunya. Lokacin matata na ƙarfe goma kuwa aka ba wani mai ciwon baya, domin layi yana da tsawo.

Mai gashin ta biyo ni har bakin ƙofa. Ta kama hannuna ni, ba na matata ba, ta nuna min a jikina yadda zan riƙa buɗe yatsu, yadda zan tallafe gwiwar hannu in ɗaga kafaɗa, inda zan tsaya in ta ji zafi. Ta ce in yi safe da yamma, kar in fasa.

Na yi, Allah ya sani na yi. Amma abin da ta shekara tana koyo ba zan iya shi a bakin ƙofa ba. Idan na ɗaga kafaɗar sai matata ta runtse ido hawaye ya zubo, ni kuma sai in saki, domin ban san zafin da ke gyara da wanda ke ɓatawa ba. Ita ma ba ta son in ga hannun. Da mai gashin tana iya cije wa, da ni kuwa sai ta ce ta gaji, a bari sai gobe. Maƙwabta suka kawo man shafawa, wata ta kawo sassaƙe, wani ya ce akwai mai ɗori a Karshi da ke tayar da shanyayye. Mun shafa abin shafawa, mun yi addu'a. Ina gani da idona yatsun suna lanƙwashewa kullum kaɗan-kaɗan zuwa cikin tafi. Babban yatsan da ya motsa ya daina. Ta koma juya wa ƙofa baya idan za ta ci abinci.

Ba ta taɓa ce min laifina ne ba, ko sau ɗaya. Da ta zage ni da na samu sauƙi. A ofis sai in zauna fayil a gabana ban san me ke ciki ba, ina lissafin Talata. Na tsani takarda, na tsani kaina, na tsani ƙarar ruwan sama a kan kwano.

Dattijon ya dawo, fayil ya fito daga durowarsa. Ya ga matata, ya rubuta wasiƙa. Kamfanin inshora ya riƙe ta kwana goma kafin lamba ta fito. Ranar da muka sake shiga ɗakin gashi, sati bakwai da kwana biyu ke nan rabon da mai gashin ta taɓa hannun.

Har yau ban san ko takardar ce ta cinye shi ba. Na tambayi mai gashin daga baya, ta ce ba wanda zai iya rantsewa, akwai hannun da ko ba a fasa rana ɗaya ba ba ya dawowa. Mutane suna cewa haka Allah ya rubuta, na kuma yarda. Amma ni na ga yatsan nan ya ɗaga, kuma ni na shiga shagon nan da ƙafata.

Ranar dai mai gashin ta zaunar da ita, ta ɗauki hannun ta ɗora a cinyarta. Ta gwada buɗe yatsun, suka buɗe kaɗan suka koma. Ta ce mata ta motsa babban yatsa. Matata ta ciji leɓe har jijiyar wuyanta ta fito, ba abin da ya motsa. Ta auna kafaɗa, ta auna gwiwar hannu, ta daɗe tana kallon abin awon. Sannan ta jawo sabuwar takarda ta cike, ta miƙo min ba ta dube ni ba, ta ce Talata in kai wa likita.

Na karanta a tsaye. Sau biyu a sati. A wurin abin da ake fata, babu kofi, babu cokali. An rubuta a hana hannun ƙara dunƙulewa, a rage ciwon kafaɗa, a koya wa maras lafiya yin hidimominta da hagu.

Muka fito baranda muka zauna jiran keke. Matata ta dubi takardar a hannuna.

"Malam, me ta rubuta?"

Na yi niyyar in ce irin ta wancan karon ce. Bakina ya ƙi. Na fassara mata layi-layi, ban rage komai ba, har na hagun. Ta saurara tana kallon titi, ba ta sa na maimaita ba. Can ta zaro hannun daga cikin mayafi, a gaban masu shiga da fita, ta ɗora min a gwiwa.

"To, ka yanke min farcen nan. Ya kwana biyu yana shiga nama, na rasa yadda zan gaya maka."

Na koma ciki na aro abin yankan farce a wurin matar tebur. Na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar, ina riƙe kowanne kar ya koma. A tsakiyar tafin akwai ramuka huɗu a jere, biyu sun yi ruwa. Keke biyu suka tsaya suka wuce ban gama ba, domin idona ya hana ni ganin inda farce ya ƙare.